Yadda na ja wa sabobina ruwa don gida ya samu shiru

Duk wanda ya taɓa kunna saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, irin ta manyan cibiyoyin ajiye bayanai a cikin gidansa ya san sautin da nake nufi. Kana danna maɓalli fankokin ciki za su tashi gaba ɗaya da iyakar ƙarfinsu, ɗaki ya cika da siririn ihu mai huda kunne, sai bayan ɗan lokaci su lafa. Lafawa ce kawai, shiru kam babu. Ni sabobi biyu gare ni a cikin rak, wato kantar ƙarfen da ake jera su, tare da faya-fayan ajiya da na'urar da ke haɗa su da sauran kwamfutocin gida. Aikinsu adana hotuna da takardun iyali, da kuma wasu gwaje-gwaje da nake koyon aiki a kansu. Ba a kashe su dare da rana, saboda haka ba a daina jinsu dare da rana, ko da ƙofa a rufe take.

Masu ƙera su ba su yi laifi ba, don ba domin gida suka yi su ba. Faɗin rak inci 19 ne, tsayin kowane gurbi kuma, wanda ake kira U, milimita 44.45. Sabar da ta cika gurbi ɗaya siririya ce ƙwarai, fankar da za ta iya shiga cikinta ba ta wuce milimita 40. Kafin fanka ƙarama haka ta tura isasshiyar iska ta matsattsun wurare sai ta yi juyi 15,000 a minti ko fiye, kuma ba ɗaya ba ce, jeri guda ne. A cibiyar bayanai ba mai kwana kusa da su, ma'aikatan ma da yawansu toshe kunne suke yi in za su daɗe a ciki.

Abin da ya buɗe min ido shi ne dangantakar gudun fanka da ƙararta. In ka rage gudun fanka da rabi, iskar da take turawa ta ragu da rabi, amma ƙarar tana faɗuwa da kusan desibel 15 a ma'aunin ƙara. Kunnen mutum kuwa raguwar desibel 10 yake ji a matsayin rabin ƙara. Ke nan babbar fanka mai milimita 140 da ke juyi 600 ko 700 a minti za ta ba ka iska mai yawa, kuma sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Matsalar ita ce ina za ka sa ta, tunda cikin saba ba wuri. A nan ruwa ya shigo. Shi ruwa ba ya kashe ƙara da kansa, ɗan aike ne: yana ɗauko zafi daga inda ya matse, ya kai shi inda akwai fili, a can manyan fankoki su yi aikinsu a natse. Ya kuma dace da aiken, domin giram ɗaya na ruwa sai ya sha jul 4.18 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, iska kuwa kusan jul ɗaya take buƙata, ga shi ruwa ya fi iska nauyi sau 800 da wani abu. In aka haɗa lissafin, lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara iska kusan lita 3,500. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1960 kamfanin IBM ke sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa, a 2012 kuma aka ƙaddamar da SuperMUC kusa da birnin Munich a Jamus, wadda da ruwa mai ɗumi ake sanyaya ta.

Kafin in sayi komai sai da na auna wutar da sabobin ke ci, da ƙaramar mita irin wadda ake sakawa tsakanin soket da filogi. Wannan ne ginshiƙin lissafi duka, saboda kusan duk wutar da kwamfuta ta ci zafi take komawa. Nawa, in suna aiki sosai, suna kai kusan wat 400. Ruwan da ke gudu lita 2 a minti, in ya ɗauki wat 400, zafinsa bai ƙaru da digiri 3 cikakku ba. Da na ga haka sai na daina damuwa da tambayar da mutane ke yawan jayayya a kai, wai wace na'ura ce ya kamata ruwa ya fara bi. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Girman lagireto shi ne abin dubawa. Masu wannan harka kan ce a ware lagireto mai fanka ɗaya ta milimita 120 ga kowane wat 100, amma wannan ma'aunin na wanda bai damu da ƙara ba ne. Mai neman shiru sai ya ninka, ya sake ninkawa in da hali. Ni na ɗauki babban lagireto irin wanda ake ajiyewa a wajen kwamfuta, MO-RA3 na kamfanin Watercool, mai ɗaukar fankoki tara na milimita 140 a fuska ɗaya.

Wani abokina ya kawo shawarar in nemi lagireton mota, tunda ga shi babba kuma ba wuyar samu. A ido shawara ce mai kyau. Sai dai galibin lagireton motocin yanzu na alminiyam ne, farantan da ake ɗorawa kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma na jan ƙarfe. In ƙarafan nan biyu suka haɗu a ruwa ɗaya, sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a hankali, garinsa ya bi ruwa ya toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin faranti. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zaman lafiya da juna, don haka a kansu na tsaya, har kan mahaɗai da bawul.

Ɗaya sabar allonta, wato babban falanki da ake dasa kayan cikinta a kai, na gama-gari ne, don haka na ciro shi daga siririn gidansa na mayar da shi cikin gida mai gurbi huɗu, wanda ke ɗaukar fankoki masu milimita 120. Ɗayar kuwa an ƙera allonta daidai da gidanta ne, ba ya shiga ko'ina, dole ta zauna a gidanta mai gurbi biyu. Ita ce ta fi ba ni aiki, don farantin ruwa na kwamfutar tebur bakinsa sama yake kallo, in ka ɗaura masa tiyo murfi ba zai rufu ba. Sai na nemo irin na sabobi, mai baki a gefe. Akwai wani abu kuma da ya kamata mai shirin wannan aiki ya duba da rula a hannu. Mazaunin furosesa na LGA 2011-3 iri biyu ne wajen ramukan sukurori: mai murabba'i, milimita 80 kowane gefe, da siriri mai milimita 56 da 94. Allunan sabobi da yawa siririn suke da shi domin a samu wurin jera RAM, wato katunan ma'adanar wucin gadi. Sunan mazauni ɗaya, amma ƙafar farantin wannan ba ta hawa wancan.

Famfo na ɗauki D5 guda biyu, na jera su ɗaya bayan ɗaya, domin in ɗaya ya tsaya cikin dare ɗayan ya ci gaba da tura ruwa ta cikinsa. D5 yana iya ɗaga ruwa kusan mita 4, amma a rufaffiyar hanya da ta cika da ruwa tsayi ba ya cin ƙarfin famfo, saboda ruwan da ke saukowa yana jawo wanda ke hawa. Abin da ke cin ƙarfinsa shi ne matsatsin faranti, da yawan kwana, da mahaɗai. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: tanki ya kasance sama da famfo, kuma kada famfo ya taɓa juyawa babu ruwa a ciki, don ruwan ne ke masa aikin man shafawa. Tiyo kuwa na zaɓi baƙi na robar EPDM. Ba shi da kyan gani kamar mai haske da ake nuna ruwa mai launi a ciki, amma ba ya saki wani sinadari cikin ruwa, ba ya saurin tsufa, haske kuma ba ya ratsa shi balle gansakuka ta samu wurin tsiro.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne yadda zan iya jawo saba ɗaya in gyara ba tare da na zubar da ruwan duka ba. Sabobi kan layin dogo suke, ana jawo su gaba ne kamar aljihun tebur. Sai na kafa bututu biyu a bayan rak, ɗaya na ruwa mai shigowa, ɗaya na mai fita, kowace saba ta ja nata reshen daga ciki. A kan kowane reshe na sa mahaɗi mai rufe kansa, wanda in ka zare shi ɓangarorin biyu za su toshe nan take, ɗigo ɗaya ko biyu ne kawai zai fito. Na kuma bar tiyo da saura sosai a baya, yadda ko an jawo saba har ƙarshe ba zai miƙe ya ja mahaɗi ba. Waɗannan mahaɗai suna rage gudun ruwa, gaskiya ne, amma da za a ce in bar abu ɗaya cikin duk kayan da na haɗa, ba su zan bari ba. Tanki da famfo a can ƙasan rak na ajiye su, cikin tire mai baki, bisa dalili mai sauƙi: ruwa ƙasa yake bi. Batirin ko-ta-kwana, wanda bisa al'ada shi ke zama a ƙasa saboda nauyi, na fitar da shi daga rak ɗin gaba ɗaya na ɗora shi kan wani benci a gefe.

Sai batun inda lagireto zai zauna. Zafi ba ya ɓacewa don an sa masa ruwa, wuri kawai yake canzawa. In ka bar lagireto a ɗakin da sabobi suke, wat 400 ɗin nan suna nan tare da kai. Na huda bango na wuce da tiyo biyu zuwa wani ɗan ɗakin ajiya mai taga. Na yi tunanin kai shi waje ɗungurungum, sai na fasa. Muddin lagireto na cikin gida, ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗaki sanyi ba, don haka raɓa ba za ta kwanta a jikin tiyo ba. In yana waje kuma gari ya yi sanyi, ruwan zai dawo da sanyin da zai sa tiyo da faranti su yi gumi a kan allo mai wuta, a wuraren da sanyi ke tsananta ma ya daskare ya fasa lagireton. Ga ƙura da ruwan sama.

Sabon lagireto sai an ɗauraye cikinsa, saboda akan samu ragowar dattin walda. Na riƙa cika shi da ruwa mai ɗumi ina girgizawa ina zubarwa har ruwan ya fito fes, sannan na bi da tataccen ruwa, irin wanda aka tara daga tururi. Bayan na haɗa komai ban zuba ruwa ba tukuna. Da iska na fara gwaji, da ɗan famfon hannu mai agogon awo: na hura kusan rabin bar a ma'aunin matsin iska, na rufe, na zauna ina kallon allura. In ta sauka, akwai inda ke yoyo, kuma gara iska ta nuna maka da ruwa ya nuna maka. Tawa ta ɗan sauka, na bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya har na samu wanda zoben robarsa bai zauna daidai ba. Da allura ta tsaya cak sai na zuba ruwan, tatacce haɗe da maganin hana tsatsa da na kashe ƙwayoyin cuta. Famfo kaɗai na ba wuta, sabobi a kashe kuma an zare wayoyinsu, na shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi na bar shi ya kwana yana zagayawa.

Fitar da iskar da ta maƙale a ciki aikin haƙuri ne. Famfo ya yi ta ƙugi, tanki ya yi ta kumfa, ruwa ya sauka ka ƙara. Babban lagireto yana ɓoye iska a kusurwoyinsa, sai ka karkata shi nan, ka karkata shi can, ka ƙara wa famfo gudu ka rage. Sannu a hankali ƙugin ya ɗauke.

Na ɗauka aiki ya zo ƙarshe, ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Da na kunna sabar da na canza wa gida, sai sababbin fankokin suka riƙa tashi da ƙarfi, su sauka, su sake tashi, ba tsayawa. A jikin allon kowace saba akwai wata 'yar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC, aikinta sa ido kan zafi da wuta da fankoki. An saita ta ne da tsammanin fankoki masu dubban juyi. Da ta ga fanka na juyi 500 sai ta ɗauka ta mutu, ta ba sauran umarnin su tashi gaba ɗaya, da suka tashi ta ga lafiya lau, ta sake su, abin ya koma farko. Maganin shi ne shiga ta hanyar IPMI, wato ƙofar magana da BMC ɗin, da manhajar ipmitool a sauke iyakar da take ɗauka a matsayin haɗari. A wannan allon abin ya yiwu. A ɗayar sabar ba a ba da wannan dama ba, iyakar abin da na samu shi ne in sa fankokinta na asali su tsaya a ƙaramin gudu. Wanda bai sayi saba ba tukuna, ya binciki wannan tun kafin ya biya, don shi zai yanke ko za ta yi shiru ko ba za ta yi ba.

Daga nan sai abubuwan da ruwa bai taɓa ba suka fara bayyana kansu. Furosesa ta yi sanyi fiye da yadda ta taɓa yi, har abin ya ba ni sha'awa, amma sauran kayan ciki an ƙera su ne da tsammanin guguwar nan da na kashe. Ƙananan na'urorin da ke daidaita wutar furosesa, da RAM, da katin sadarwa mai gudun gigabit 10, da katin da ke kula da faya-fayan ajiya, duk ba su da fanka tasu, iskar gida suke dogara da ita. Katin faya-fayan ne ya fi ɗaukar zafi, ƙarfen sanyayarsa ba ya taɓuwa da yatsa. Na ɗaura masa 'yar fanka mai tafiya a hankali, na yanka roba mai tauri na yi wa iskar gaba hanya ta bi ta kan RAM da na'urorin wuta maimakon ta watse. Faya-fayan ajiya masu juyawa galibi iyakar da masu ƙera su ke rubutawa digiri 60 ce, ni kuwa na fi son in gansu ƙasa da 45, don haka fankokin gabansu ban rage su can ƙasa ba. A ganina wannan ne ainihin aikin. Haɗa tiyo kowa zai iya, zama da allon awo kana bin kowane ma'auni yayin da saba ke aiki tuƙuru shi ke raba gyara da ɓarna.

Akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin saba wuta, shi ma yana da tasa 'yar fankar mai milimita 40, kuma da sauran suka yi shiru sai muryarta ta fito fili. A gida mai gurbi huɗu na sa akwatin wuta irin na kwamfutar tebur mai babbar fanka. Na san abin da na rasa: na asali biyu ne, in ɗaya ya lalace ɗaya ya riƙe, yanzu kuwa ɗaya tal. Ga sabar gida na yarda da wannan ciniki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne buɗe akwatin wuta don canza masa fanka, saboda akwai na'urori a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare filogi. Na'urar haɗa kwamfutoci kuma na canza ta da marar fanka.

Tunda ruwa ya shiga wurin da ba mai gadi, na sa masa masu gadi. Akwai ma'aunin gudun ruwa, da ma'aunin zafinsa, da wata igiya mai jin danshi da na shimfiɗa a tiren ƙasa da bayan rak. Na rubuta ɗan umarni da ke duba su a kai a kai: in ruwa ya daina gudu, ko zafinsa ya haura digiri 45, ko igiya ta jiƙe, saƙo ya zo wayata, sabobi su kashe kansu cikin tsari. Furosesa tana iya kare kanta, in zafi ya yi yawa takan rage gudu ko ta ɗauke, amma famfo da tiyo ba su da wannan wayo, kuma galibi iyakar da ake rubuta musu digiri 60 ce. Famfunan da fankokin lagireto duk a kan batirin ko-ta-kwana suke, don ba amfani saba ta ci gaba da aiki ruwa kuma a tsaye. Na gwada tsarin da gangan, na zare wa famfunan biyu wuta ina tsaye, na ga sabobin sun sauka kamar yadda na tsara.

Yanzu in ƙofa a rufe take ba a jin komai daga waje. A cikin ɗakin akwai sauti, amma mai kauri ne marar damuwa, ana iya hira ko waya ba tare da ɗaga murya ba. Wani abin da ya fito fili shi ne faya-fayan ajiya masu juyi 7,200 a minti, da ƙas-ƙas ɗinsu in ana kwafar bayanai, sautin da ban taɓa sanin yana nan ba a da. Na sa musu roba tsakaninsu da ƙarfe, na sa wa famfo soso a ƙasa, jijjigar da ke bin jikin rak ta ragu sosai.

Ba kowa zan ba shawarar ya bi wannan hanya ba. Wanda sabarsa ba ta cin fiye da wat 100, ya nemi gidan kwamfutar tebur mai faɗi da babban ƙarfen sanyaya furosesa, zai samu shirun nan ba tare da ɗigon ruwa ba. Ruwa yana biyan wahalarsa ne in zafi ya yi yawa, na'urori sun fi ɗaya, kuma akwai wani wuri dabam da za a kai zafin. Sannan yana da hidima. Ruwan tanki yana raguwa kaɗan-kaɗan ko babu yoyo, domin yana ratsa jikin tiyo, sai an riƙa ƙarawa. Lagireto yana tara ƙura, in ka ga zafin ruwa ya fara hawa ba dalili, can za ka fara dubawa. Ruwan kansa ana canza shi kusan shekara-shekara, shi ya sa na sa bawul ɗin zubarwa a wuri mafi ƙasa na hanyar, da wani a can sama don iska ta shiga ruwan ya sauko da sauri. Abin da ya rage min shi ne sabar nan mai gurbi biyu, wadda akwatin wutarta na asali har yanzu shi ne mafi ƙara a ɗakin. Ina jiran in samu allo na gama-gari da zai karɓi furosesarta da RAM ɗinta, in mayar da ita gida mai gurbi huɗu kamar 'yar'uwarta, na ma riga na bar mata reshe da mahaɗi a bayan rak.